Barmil Biyu da Ban Zuba Ba

Shekara ashirin da biyu ina yi wa mahaifinmu noma a kudancin Gadarif, bai taɓa kirana da wani abu ba sai "kai". Kai, ka duba shanun nan. Kai, an sallami ma'aikata? Ƙanena ya dawo daga Khartum da jaka ɗaya da matarsa da 'ya'ya uku, bai cika sati biyu a gida ba Baba ya fara ce masa "Usta", wato gwanin sana'a. A ajiye wa Usta nama. Ku bar Usta ya huta. Har yau in na tuna yadda tsohon yake jan kalmar nan a bakinsa, sai in ji wani abu yana ci mini rai.

Ba zan ce bai cancanta ba, don ba zan zauna ina yi wa kaina ƙarya a takarda ba. Makanike ne na gaske, ya daɗe yana gyaran manyan injinan gini a Khartum. Yaƙi ya kore shi zuwa Madani, bai gama shimfiɗa tabarma a can ba aka sake tashinsa, sai ga shi a tashar Gadarif ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ni na je na ɗauko su. Ni na kwashe kayana daga ɗakina na ba su, na koma rumfa. Na yi kuka a tasha ranar, kukan gaske. Sai dai bai yi kwana goma ba ya tada injin ruwan da ya shekara uku a mace a bayan gida, da sukundireba ɗaya da guntuwar waya. Baba kuwa ya kai labarin masallaci, ya kai shi kasuwa, ya faɗa wa mai shayi. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina fitar da dawa daga ƙasar nan, ba wanda ya taɓa kai labarina ko ƙofar gida.

Akwai wani makulli da Baba yake ratayawa a wuya da igiyar fata, na siton gona, inda iri da mai da buhuna suke. Wanda ke riƙe da shi shi ne mai gona. Shi ma'aikata ke fara gaisarwa, shi ke cewa yau a shuka ko a jira. Gwiwoyin Baba sun gaji, kuma ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa ba zai sake shiga wata damina da makullin nan a wuyansa ba. Ban taɓa tunanin akwai wuyan da zai koma ba sai nawa. Da Usta ya zo, sai na fara kallon wuyansa.

A shekarar hafir ɗinmu ya cika da laka. Tafki ne da muka haƙa a gefen gona, ruwan damina ya gangaro ta kwari ya taru a ciki, shi mutane da shanu suke sha har rani ya yi nisa. Duk bayan 'yan shekaru sai an kwashe lakar da ta zauna a gindinsa, in ba haka ba ya ƙafe da wuri. A da hayar babbar loda muke ɗaukowa, amma a shekarar masu ita sun ga kowa na nema, suka ɗaga kai sama. Baba ya ce ya gaji da roƙo. Ya sayar da riɗin da ya ajiye da bijimai biyu, ya ce a sayo mana ƙaramar loda ta hannu, irin mai taya huɗun nan da ba ta da sitiyari sai sanduna biyu, wadda ke juyawa a inda take tsaye. Za ta yashe hafir, ta ɗora buhuna a mota, ta kwashe kara da taki. Kuɗin da ke hannunmu na tsohuwa ɗaya ne, kuma in an saya an saya ke nan, babu wasu bijiman da za a sake kaiwa kasuwa.

"Usta ne zai zaɓa," in ji Baba. Sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma ka raka shi."

Raka shi. Na ce to, na tashi na je na sauke fushina a kan wani ma'aikaci saboda igiyar da ba shi ya ɓatar ba.

To, akwai abin da duk wanda ya girma a gonar Baba ya sani. Ƙasarmu baƙa ce. Da rani takan bushe ta yi tauri, ta tsattsage har ƙafar jaki na faɗawa, kome ka tuƙa a kanta zai wuce lafiya. Amma ruwa na taɓa ta sai ta zama wata aba daban. Ta yi santsi a sama, ta yi danƙo a ƙasa, ta kama takalmi ta cire maka shi. Saboda haka Baba bai taɓa sayen wani abu mai taya ba sai ya yi masa gwaji ɗaya. Ya sa a kai shi kan baƙar ƙasa, ya kira mai amalanken ruwa ya juye barmil biyu, a bar ƙasa ta sha kaɗan, sannan a ce wa direba bismilla. Wadda ta shiga ta fita, a yi ciniki. Wadda ta tsaya tana wulwula taya, Baba ya sallami mai ruwa ya kama hanyarsa. Tarakta uku na ga ya yi wa haka. Ƙanena bai ga ko ɗaya ba, tun yana ƙarami kawunmu ya tafi da shi Khartum karatu.

Mun yi kwana huɗu muna yawo a garin Gadarif. Injuna sun cika gari a lokacin. Mutanen da suka gudo da abin da suka iya fitarwa suna sayarwa don su ci abinci, wasu kuma ba ka san inda suka samo nasu ba. Ƙanena ba ya ko kallon injin da ba shi da takardu. Ya ce shi ma an kwashe masa gareji, ba zai hau kayan wani ba. Daga ƙarshe muka tsaya a kan guda biyu, a wani fili da aka shimfiɗa wa tsakuwa a bayan kasuwar hatsi.

Ɗaya daga Fau aka kawo ta, ta yi aikin gona har fentinta ya goge. Tana ɗan hayaƙi, bokitinta ya sha walda, amma tayoyinta na iska ne masu manyan haƙora. Ɗayar kuwa ta wani magini ce da ya gudo daga Madani, tsaf da ita, an wanke ta har ƙarƙashi. Tayoyinta roba ce zalla, ba iska a ciki, sun sha siminti sun yi sumul kamar tafin hannu.

Sai da na ga yadda yake duba inji na gane abin da Baba yake gani a wurinsa, hakan kuwa bai rage mini komai ba. Ya ce mu zo da sassafe, kafin masu su su tada su, ya ɗora hannu a kan kowane inji ya tabbatar da sanyi ya same shi. Ya zaro sandar baƙin mai, ya shafa a yatsa, ya sunsuna. Ya kafa bakin sukundireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya rufe ido. Agogon da ke nuna awannin aiki dariya ya yi masa, ya ce wannan kowa na iya mai da shi baya. Shi hannun sandunan ya duba, da inda ƙafar direba ta cinye ƙarfe. Ya ɗaga bokiti sama ya kashe inji, ya tsaya yana jira ya ga ko zai sauko da kansa. Na ta Fau ya sauko a hankali. Na ta Madani bai motsa ba. Dillalai suka taru suna kallo, wani ya aika aka kawo jabana, wato gahawa, kofi ɗaya, aka miƙa masa. Ni ina gefe da jaka a hammata, ba wanda ya tambayi ko wane ne ni.

"Wannan ce, Yaya," ya ce, yana shafa ta Madani. "Injinta lafiya lau. Ta Fau ɗin ma zan iya gyara ta, amma me ya kai mu? Dubi tayoyin nan, ƙaya ba za ta taɓa fasa su ba. Ka san ƙayar gonarmu."

Gonarmu, in ji shi, wanda bai yi wata biyar da zuwa ba.

Sannan ya tambaye ni, kuma wannan shi ne abin da ba zan iya gogewa ba. Ya ajiye kofin, ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Amma kai ka san wurin. Akwai abin da ka gani?"

Akwai. Tun da na shigo filin idona ke kan tayoyin nan. Bayan katanga baƙar ƙasa ce shimfiɗe, kuma a daidai lokacin ga mai amalanken ruwa yana wucewa, yana buga barmil da sanda, jakinsa na tafiya a hankali. Abin da zai karɓa bai kai kuɗin karin kumallonmu ba. Na dubi dillalan da ke jiran abin da ƙanena zai ce, na dubi kofin jabana a kan tayar.

Na ce, "Ai kai ne Usta."

Ya yi dariya, ya ɗauka yabo ne. Aka yi ciniki.

Ranar da babbar mota ta sauke ta a gona Baba ya yanka rago na sadaka, aka kira maƙwabta. Da hannunsa ya tsamo hanta ya tura gaban ƙanena. Ni na ɗaure ragon, ni na feɗe shi, na ci abin da ya zo gabana.

Wata ɗaya da rabi lodar nan tana aiki, ba abin da za ka ce. Sai ƙanena ya sauka cikin hafir ta gangaren da muka gyara, ya ciko bokiti da busasshiyar laka, ya hau ya zubar, ya juya a wuri ɗaya ya koma. Baba ya sa aka kawo masa gadon igiya ƙarƙashin bishiya a bakin hafir, ya wuni yana kallo. Duk sanda ta juya a inda take tsaye sai ya yi dariya ya ce, "Kun ga Usta?" Mutanen gonakin kusa suka riƙa zuwa kallo. Wani ya gaishe ni ya tambaya ko ni ne yayan Usta. Na ce masa a'a, direbansa ne ni, na bar shi a tsaye.

Na faɗa wa kaina abubuwa da yawa a lokacin. Na ce ai za a gama kafin ruwa. Na ce ai shi aka ba zaɓi, ba ni ba. Wata rana matata ta ajiye mini tuwo ta ce, "Kai kam tunda aka sayo motar nan ba ka cin abinci, sai kallon sama." Ta yi gaskiya. Ina kallon sama, kuma ba addu'ar a gama lafiya nake yi ba. Abin da nake so bai da yawa. Ta maƙale sau ɗaya a gaban Baba, in zo da tarakta in ja ta, a ga wanda ya san ƙasar. Iyakar muguntata ke nan, haka na auna ta a raina.

Ruwan farko ya zo mana da la'asar, kafin lokacin da muka saba. Iska ta juyo daga wajen Habasha da sanyi da ƙamshin ƙasa. Ma'aikata ba wanda ya ce musu komai, suka tattara shebur suka hau sama. Baba ba ya nan ranar, gwiwa ta hana shi fitowa. Saura kusurwa ɗaya a gindin hafir, ƙanena yana can ƙasa.

Na tsaya a baki na ce, "Usta, hadari." Ban ɗaga murya sosai ba.

Ya leƙo ya dubi sama. "Minti goma, Yaya. Bokiti biyar ya rage."

A Khartum minti goma ba komai ba ne, ruwa ya sauka a kan kwalta ka tuƙa ka tafi gida. A nan ba ka da ko biyu. Na san haka kamar yadda na san hanyar ɗakina. Na ce, "To."

Bai cika bokiti na biyu ba ruwa ya kece. Ya juyo ya nufi gangare, ya hau kamar taku goma, sai tayoyin suka fara wulwulawa. Laka ta naɗe su, suka zama dunƙule huɗu na taɓo. Ya ƙara wuta, lodar ta karkace ta zamo baya. Ya sake gwadawa, ya kafa bokiti a ƙasa yana tura kansa, duk dabarar da ya sani sai da ya yi, ina tsaye ina kallo. A karo na uku cikinta ya zauna a ƙasa. Na ruga na tada tarakta, ko rabin hanya ban kai ba ita ma ta fara rawa. Na san in na matsa za mu rasa biyu. Na kashe ta na dawo da gudu.

Kafin in iso kwari ya kawo ruwa, baƙi, da kara da kashin shanu, yana kwarara cikin hafir. Ƙanena yana zaune a cikin lodar, ruwa ya kai masa gwiwa, yana ta jan sanduna. Irin wannan lodar ta gaba ake fita, ta kan bokiti, shi kuwa ya ƙi fita. A nan hassada ta sake ni, tsoro ya kama ni. Na zame na sauka da gindi, na kutsa cikin ruwa har ƙirji, na kama wuyan rigarsa. Yana cewa, "Bijiman Baba, Yaya, bijiman Baba," ina zaginsa ina ja. Ma'aikata suka jefo mana igiya. Muka fito ba takalmi, muka tsaya a baki muna kallo har ruwa ya rufe kujerar. Kafin magariba rufinta kaɗai ake gani, mai ya fara yawo a saman ruwan da za mu sha shekara.

Washegari da hantsi Baba ya kira mu rumfarsa. An riga an faɗa masa. Bai yi faɗa ba, ya daɗe yana murza gwiwarsa. Sannan ya ɗaga kai ya dube ni.

"Ranar da kuka saye ta, barmil nawa kuka zuba mata?"

Na dubi tabarma. Ta gefen ido na ga fuskar ƙanena, fuskar wanda bai san abin da ake magana a kai ba.

"Barmil biyu a kan baƙar ƙasa," Baba ya ce masa. "Yayanka ya sani, sau uku yana gani. Ba don inji kaɗai ake zubawa ba. Don wanda zai tuƙa ya ga abin da ƙasar nan take yi da idonsa, kafin ta yi masa a inda ba mai ceto. Don me kuke tsammani na ce ku tafi ku biyu?"

Ƙanena ya juyo ya dube ni. Na san ya tuna filin tsakuwa, ya tuna tambayar da ya yi mini da amsar da na ba shi. Ana daka a cikin gida, ina jin taɓarya na sauka. Na sunkuyar da kai ina jiran ya faɗa.

"Ya faɗa mini, Baba," ya ce. "Har mai ruwa ya so kira. Ni na ce ba sai an yi ba, na ga injin lafiya."

Baba ya dube ni, ya daɗe. An sake ba ni damar buɗe baki, ban buɗe ba. Ya juya wajen ƙanena ya ce, "Kai, sanin Khartum ya yi maka yawa." Kai ya ce, ba Usta ba. Allah ya yafe mini, na ji daɗi. Bai daɗe ba, kamar numfashi biyu, amma na ji shi. Sai Baba ya cire igiyar fatar daga wuyansa ya miƙo mini, ya ce in je in duba ko ruwa ya taɓa iri.

Ruwan hafir bai shawu ba a shekarar. Na tanka muka riƙa kawo wa ma'aikata, shanu kuma aka kai su hafir ɗin maƙwabci, ni na je roƙon. Balbela ta mai da rufin lodar wurin hutawa, duk wanda ya wuce sai ya nuna ta da baki. Ƙanena bai jira kaka ba. Ya ce ya sami rumfar gyaran motoci a bakin titi a Showak, ya kwashe iyalinsa, ya mai da mini ɗakina a share. Da ruwa ya ja baya muka ciro ta da tarakta biyu. Duk Juma'a sai ya hau mota ya zo, ya kwance ta ƙarfe-ƙarfe a kan buhuna, ya wanke, ya haɗa. Wata huɗu ya yi yana zuwa. Ranar da ta tashi ya sa mata tsofaffin tayoyi masu haƙora da ya samo a Showak, ya kira mai ruwa da kansa, ya shiga ya fita. Baba na zaune yana kallo, bai ce Usta ba, kuma bai sake cewa ba har yau. Kullum da yamma ina zuwa in faɗa masa abin da aka yi a gona, kullum ina cewa gobe zan faɗa masa sauran.

Sau ɗaya na tambayi ƙanena. Na je Showak neman wani ƙarfen tarakta, na same shi a ƙarƙashin wata babbar mota, ƙafafunsa kaɗai a waje. Ya fi mini sauƙi in yi magana da ƙafafu. Na tsugunna na ce, "Me ya sa ka faɗa wa Baba haka?"

Ya daɗe yana ɗaure wani abu. Sannan muryarsa ta fito daga ƙasa, ba fushi a cikinta. Da ma a ce akwai.

"Ni ina da hannuna, Yaya, duk inda mota ta lalace zan ci abinci. Kai gonar nan kaɗai gare ka."

Ya ce a kawo mini shayi, na ce ina sauri. Na hau motar Gadarif da makulli a wuyana, igiyar na cin fatata saboda gumi. Na yi tsammanin kunya zan ji a hanya, na kuwa ji ta. Amma abin da ya fi ƙarfi shi ne tsohon abin nan da ke ci mini rai. Kunnen inji nasa ne, na haƙura da wannan. Yanzu kuma ga ƙaryar da ya yi domina, wadda na san da ni ne a wurinsa ba zan iya yi ba. Ita ma sai da na yi masa hassadarta.